Annoba: yadda rashin barci ke taɓa lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan asibiti

Ranar 19 ga watan Maris 2020 ne aka gano mutum na farko da ya kamu da COVID-19 a Nijar, a birnin Yamai. Kamar a sauran ƙasashe, likitoci, malaman jinya da unguwarzoma sun sha kwana a bakin aiki, ga fargabar kai wa iyalansu cutar.

Wani bincike da mujallar JAMA Network Open ta wallafa a wannan watan, kan ma'aikata 1257 a asibitoci 34 na ƙasar Sin, ya gano kashi 34 cikin 100 na fama da rashin barci, rabinsu kuma na da alamun ciwon damuwa.

Matsalolin biyu suna ciyar da juna. Fargaba na hana ido runtsawa, ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba kuma sai ta kasa danne tsoro da fushi. Hankali na rarrabuwa, kuskure wajen auna magani ko yin allura na ƙaruwa, majinyaci ne ke kwana ciki.

Babban mutum na buƙatar aƙalla awa 7 na barci. Wanda ya sauka aiki da safe a Maraɗi ko Damagaram, cikin zafin Afrilu da ɗaukewar wuta, da wuya ya samu hakan.

Gyaran na hannun shugabannin asibitoci: rage kwanan aiki a jere, ba da hutu bayansa, da tanadin ɗakin da ma'aikaci zai ɗan rintsa na minti 20. Shi kuma ma'aikacin ya guji shayi da kofi idan lokacin sauka ya kusa, ya nemi likita idan rashin barcin ya ɗauki makonni.