Ruwa Garai-garai Ma Yana Kashe Kaji



Damina biyu da suka wuce na zuba buroila 200 a wata gona a bakin kanal, tsakanin Talata Mafara da Bakura. Abinci mai kyau, rigakafi a kan lokaci. Amma a mako na biyu sai ga zawo, kaji suka takure, kullum da safe sai na kwashe mushe. Na canza abinci, na zargi masu ƙyanƙyasa, ashe matsalar tana cikin jarkata. Likitan dabbobi ne ya ce in kai ruwan a gwada, aka samu kolifom na kashi a ciki.

Kolifom ɗin nan ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a hanjin mutum da dabba. Ido ba ya ganin su, hanci ba ya jin su. Samun su a ruwa na nufin kashi ya shiga, kuma wasu cututtukan kan biyo ta wannan hanyar. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha.

Dam ɗin Bakolori, da aka kammala a 1978, ni'ima ne ga Maradun, Mafara da Bakura. Amma ruwan kanal na ban ruwa ne. A ciki ake wanki, shanu na shiga, da damina kuma ruwan sama na koro bahayar fili. Rijiya ma ba ta tsira ba in tana kusa da masai ko jujin kashin kaji.

Ga abin da nake yi yanzu:

Tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai, da murfi a kanta.

WaterGuard bisa umarnin jikin kwalbar, in jira minti 30.

Wanke mazubin ruwa kullum, in ɗaga shi daga ƙasa.

Amma a kula! Ranar rigakafin Lasota ko Gumboro ba a amfani da ruwa mai kilorin, yana lalata maganin. Masu tarwada ma kada ku zuba shi a kandami, kifi zai mutu.

Abin da ya fi tayar min da hankali, wallahi, ba asarar kajin ba ce. Ni da yaran gonar duk ruwan jarkar nan muke sha. Kafin ka sayi ɗan tsako ko ɗaya, fara da duba ruwanka.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.