Adda, Tsatsa da Bagaruwa

Da wuya a shiga gidan manomi a rasa adda. Da ita ake sharar gona kafin faɗuwar damina, da ita ake sassabe, a datse ƙaya a yi shinge, kuma a makarantun kwana da dama tana cikin kayan da ake ce wa sabon ɗalibi ya zo da su. Sai ka ga mutum biyu sun sayi adda iri ɗaya a kasuwa ɗaya, amma bayan damina biyu ta ɗayan ta yi jawur da tsatsa, ƙotarta tana girgiɗi, ta ɗayan kuwa tana sheƙi, an naɗe ƙotar da jar fata. Mutane kan ɗauki aikin na biyun a matsayin kwalliya kawai. Akwai kwalliya a ciki, babu shakka, amma mafi yawansa kiyaye hannu ne da ƙafa, domin adda mai dakushi da ƙota mai santsi su ne kan kai manomi asibiti.

Ruwan adda

Abin da muke kira ƙarfen adda ba zallan baƙin ƙarfe ba ne. An gauraya shi da sinadarin kabon, wato irin sinadarin da ke cikin gawayi, kuma ɗan kaɗan ne, daga kamar rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100. Wannan ɗan kabon shi ne ke ba ƙarfen damar yin tauri. Shi ya sa maƙeranmu suke neman tsohon sifirin na mota idan za su ƙera adda ko gatari, domin ƙarfensa yana da kabon daidai gwargwado, ba kamar rodin gini ko langalanga ba.

Maƙeri yakan zuga ƙarfen a gawayin ƙirya har ya yi ja, zafin ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Salsiyas, sa'an nan ya tsunduma shi cikin ruwa ko mai. Wannan sanyaya ta farat ɗaya tana sa ƙarfen ya yi tauri ƙwarai, amma kuma ya zama mai saurin karyewa kamar tangaran. Saboda haka sai a sake ɗumama shi kaɗan, domin a rage taurin a ƙara masa juriya. Masana'antun da ke yin adda, kamar Martindale ta Ingila mai tambarin kada da Tramontina ta Barazil, wannan hanya suke bi, sai dai su da ma'aunin zafi suke aiki, maƙeri kuwa da idonsa. Ƙarfe mai haske idan ya fara zafi yakan sauya launi: wajen digiri 230 ya yi ruwan kara, wajen digiri 300 kuma ya koma shuɗi.

Mai karatu ya riƙe wannan batu na launi, domin a nan ne masu gyaran adda da yawa suke yin ɓarna. Idan aka kai ta wurin injin wasa mai juyawa da lantarki aka danna da ƙarfi, bakin addar, da yake siriri ne, yakan ɗauki zafi cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Da zarar ka ga shuɗi ya bayyana a kan kaifin, to wurin ya rasa taurin da aka ba shi. Za ta fito tana ƙyalli, ta yi kaifi na yini ɗaya, daga nan kullum sai ta lanƙwashe. Maganin abin shi ne a riƙa tsoma ta a ruwa a kai a kai, ko kuma, abin da ya fi, a yi haƙuri a yi aikin da magagari da dutsen wasa.

Tsatsa da yadda ake kawar da ita

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe, da iskar oksijin, da danshi. Gishiri yana hanzarta ta, kuma gumin hannu gishiri ne da ruwa. Ruwan ɗanyen itace da ciyawa, wanda sau da yawa yake da tsami, shi ma yana taimakawa. Muninta shi ne ba ta rufe ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Sakwat take, tana shan ruwa tana ɓarewa, saboda haka kullum cin ƙarfen take yi tana shiga ciki. Akwai ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula, wanda ake zuba wa sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100. Harry Brearley ya samar da irinsa a garin Shafil na Ingila a 1913. Amma yawancin addunan aiki ba da shi ake yin su ba, domin ƙarfe mai kabon ya fi araha, ya fi sauƙin wasawa a gona.

Amfanin gogewa a nan yake. Fuskar ƙarfen da ta yi tsatsa cike take da ƙananan ramuka, kowane rami kuwa matattarar ruwa ce da datti. Idan aka goge ta ta yi sumul, ruwa ba ya samun wurin kwanciya, ƙaro da ruwan itace ba sa maƙalewa, sa'an nan addar takan ratsa itace ba tare da ta cije ba. Iyayenmu da yashi mai laushi da toka suke yi, a haɗa da lemon tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya. Tsamin yana narkar da tsatsa, yashin yana kankare ta. Sai dai tsamin ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, don haka dole a ɗauraye shi sarai, a shanya, a shafa mai nan take.

Wanda ya sami samfefa, wato takardar nan mai yashi ta kafintoci, sai ya lura da lambar da ke bayanta. Ƙaramar lamba tsakuwarta manya ne, babbar lamba kuwa ƙanana. A fara da 80 ko 120 a cire tsatsa, a koma 220, sa'an nan 400. Kowace lamba aikinta shi ne ta share zanen da ta gabanta ta bari, shi ya sa tsallake ba ya rage aiki, ƙara shi yake yi. Masu son addarsu ta zama madubi sukan zarce har 1000 ko 2000. Ra'ayina shi ne, ga addar da za ta shiga gona gobe, duk abin da ya wuce 400 don ido aka yi shi. Kafin azahar ciyawa da ƙasa sun shafe shi. A dai yi gogewar kafin wasawa, a ɗaure addar a kan katako bakin yana kallon nesa da jiki.

Shi kaifi kuma lissafinsa yana cikin darasin fiziks na aji huɗu: matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya sauka. In baki ya yi siriri, ƙaramin sara ya isa. In ya dakushe, sai mutum ya ƙara ƙarfi, ya gaji da wuri, kuma maimakon addar ta shiga itacen sai ta zame ta nufi ƙauri. Ba a kuma son sirantar ta wuce kima. Bakin da ya dace da yankan ciyawa, in aka sari busasshen marke da shi giɓi zai yi.

Kafin mu bar batun tsatsa, akwai wata magana da ta yaɗu wadda ya kamata a gyara. Ana cewa tsatsa ce ke kawo ciwon sarƙewar haƙora, wato tetanus. Ba ita ba ce. Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Clostridium tetani, wadda wani masani ɗan Japan, Kitasato Shibasaburo, ya ware ta a 1889. Irinta yana kwance a cikin ƙasa da kashin dabbobi, yana iya shekaru bai mutu ba. Ba ta son iska, saboda haka rauni mai zurfi wanda datti ya shiga shi ne gidanta. A can take fitar da dafin da ke sandarar da tsoka, galibi bayan kwana 3 zuwa 21. Tsatsa dai ɓoye datti take yi, amma adda mai sheƙi da ta taɓa ƙasar da aka zuba wa taki ita ma tana iya ɗauke da ƙwayar. Wanda ya sare kansa ya wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ya cusa ƙasa ko toka, ya je asibiti a duba ko yana bukatar allura. Rigakafin ciwon yana nan, kuma likitoci da yawa suna ba da shawarar a sabunta shi bayan kowace shekara 10.

Fatar da ta ƙi ruɓewa

Ƙotar adda ta katako ce ko ta roba, an kafe ta da ƙusoshi biyu ko uku. Sabuwa ba ta da laifi. Amma gumi da rana sukan sa katako ya tsage, ƙusoshi su fito su riƙa cin tafin hannu, roba kuma ta yi santsi. Bororon da ke fitowa a hannu yana faruwa ne idan gogayya ta yi ta jan saman fata gaba da baya har ya rabu da na ƙasansa, ruwa ya cika tsakani. Abin mamaki, hannu mai ɗan danshi ya fi busasshe saurin yin bororo, domin ya fi kama abu, in kuwa ya jiƙe sharkaf sai riƙo ya kuɓuce. Naɗin fata yana shanye gumi, yana rufe kan ƙusa, yana kuma rage girgizar da ke dukan wuyan hannu a kowane sara.

To, me ya sa fatar akuya da aka yar a juji take wari cikin kwana biyu, amma wadda ta bi ta hannun majemi take shekaru? Jikin fata saƙa ce ta zaruruwan wani furotin da ake kira kolajin, wanda ya fi kowane furotin yawa a jikin dabba da na mutum. Ga bakteriya wannan abinci ne. Majemi yakan fara jiƙa fatar a ruwan toka domin gashi ya saki, ya kankare, ya tausasa ta, sa'an nan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. A cikin 'ya'yan bagaruwa akwai sinadarin tanin mai yawa. Mai karatu ya san shi ko da bai san sunansa ba: shi ne baurin da ake ji a goro da baƙin shayi da ɗanyar kanya, lokacin da ya kama furotin ɗin da ke cikin yawu. Itacen ya tanade shi ne don kare kansa daga ƙwari da ƙwayoyin cuta da dabbobi masu kiwo. Idan ya shiga fata sai ya manne wa zaruruwan kolajin, ya ɗaure su da juna, har bakteriya su kasa cin su. Da wannan hanya majeman Kano da Sakkwato suka jeme fatar jar akuya da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya da ke bincike da koyarwa a kan fata.

Mafi yawan fatar da masana'antun duniya ke fitarwa yanzu da gishirin kuromiyam ake jeme ta, domin ya fi sauri. Tana da laushi, ta dace da takalmi da jaka. Amma ga ƙota, jimar bagaruwa ta fi, saboda in an jiƙa ta tana miƙewa ta bi siffar abin da aka naɗe, in ta bushe ta tsuke ta zauna daram. Ɗanyar fata wadda ba a jeme ba ta ma fi ta tsukewa, amma duk ranar da ta sha ruwa sai ta saki ta fara wari. Akwai kuma haɗari a fatar dabbar da ta faɗi ta mutu haka kawai, domin irin ƙwayar cutar antaraks yana daɗewa a jikin fata da gashi, kuma an tabbatar da ɓullar cutar a Jihar Neja a 2023. A sayi jemammiya a wurin dukawa.

Naɗin kansa ba shi da wuya. A fara ƙarfafa ƙusoshin, domin fata a kan ƙota mai girgiɗi ɓoye haɗari ne kawai. A goge katakon, a shafe shi da kakin zuma a inda ya haɗu da ƙarfe. A yanko tsiri mai faɗin kamar santimita 2, a fefe gefensa, a ɗan jiƙa shi, a shafa gam, a riƙa naɗewa ana ja, kowane zagaye yana hawa kan gefen na baya. Waɗannan ƙananan tudu su ne yatsu za su kama. A ɗinke ƙarshen, a bar ƙarin kauri a gindin ƙotar don kada addar ta fice daga hannu, a shanya a inuwa. Kada kaurin ya yi yawa har babban yatsa ya kasa taɓa manuni. Man kaɗe ɗan kaɗan ya isa, in ya yi yawa santsin da aka gudu shi za a koma wa.

Inda ƙarfe ya gamu da tanin

Bayan 'yan makonni za a ga fatar ta yi baƙi a daidai kan ƙusoshi da inda ta taɓa ruwan addar. Ba datti ba ne. Tanin in ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin danshi yakan haifar da wani sinadari mai launin baƙi-shuɗi. Dukawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke jiƙa kashin maƙera su sami kuloko, wanda suke zana baƙi da shi a kan jemammiyar fata. Da irin wannan haɗi Turawa suka yi tawadar rubutu na ɗaruruwan shekaru, kuma akwai magungunan tsatsa na kanti da tanin ne jigonsu. Wannan baƙin ba ya cutar da addar. Abin da ke cutar da ita shi ne danshin da fata ke riƙewa, don haka kada a bar adda cikin kube na fata tsawon damina. A zare ta, a goge, a shafa mai, a rataye.

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai wannan a aji ba tare da an kawo adda ko ɗaya ba. A daka bagaruwa a jiƙa ta kwana guda, a tace, a raba ruwan a kwalabe biyu masu haske. A jefa ƙusa mai tsatsa a ɗaya, a bar ɗayar haka. A kwalba ta uku a sa ƙusa a ruwan rijiya zalla. Kafin kwana biyu ta farko za ta yi duhu kamar tawada, ta biyu ta zauna a launinta na shayi, ta uku kuwa ta fara tara jan gari a ƙasanta.