Gida da Unguwa: Wa Zai Kai Mai Naƙuda Asibiti?

 Yau hirarmu a kan iyali ce da waɗanda ke kewaye da shi, musamman ku iyayenmu da ƙannenmu na Gantsa da sauran ƙauyukan Buji.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar daren haihuwa. Naƙuda ta tashi, maigida ya tafi cin rani, uwar miji ta ce a dakata sai an nemi izininsa. Ungozoma ta yi iya yinta, abu ya gagara. Kafin a samo mota, gari ya waye. Irin wannan jinkiri ne ke jawo yoyon fitsari, domin kan jariri yana daɗewa yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Tun shekarar 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke yi wa mata aikin wannan lalura a Babban Asibitin Jahun, amma ai rigakafi ya fi magani.

To, ina mafita? Daga gida za a fara. Maigida ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa, cewa ko ba ya nan a tafi asibiti. Ke kuma Inna, kada ki ce a zamaninku a ɗaki kuka haihu. Idan aka ga zubar jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta wuce awa 12, ba a jira.

Sai kuma unguwa. Liman ya tunatar da maza a masallaci, mai unguwa ya san direban da za a tasa ko da tsakar dare. Kan haka ne shirin Haihuwa Lafiya na jihar Jigawa ya jawo ƙungiyar direbobi cikin lamarin. Mu ma mata, a adashinmu mu ware ɗan abin da za a zuba mai zuwa Birnin Kudu ko Dutse, mu ja hankalin juna kan zuwa awo.

'Yar'uwa, yau da dare bayan an ci tuwo, ki zauna da maigida ku gama wannan magana. Allah ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.