Naƙasassu da Taimakon Gwamnati: Abin da Shugaban Ikilisiya Ya Kamata Ya Sani

A Unguwar Mu'azu, kamar sauran unguwannin Kaduna, idan makaho ko gurgu ya zo neman taimako, akan ji wani ya ce, "Ai gwamnati tana biyansu." Maganar nan kan sa mutane su janye hannu. Don haka ya kamata fasto da dattawa su san ainihin abin da doka ta tanada.

Yadda aka zo nan

A da, sadaka da bara ne suka riƙe yawancin naƙasassu. A 2015 gwamnatin Kaduna ta hana bara a kan tituna, naƙasassu kuwa suka fito suna tambaya, da me za su ci abinci? A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna musu bambanci, a 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2021. Wato magana ta tashi daga roƙo ta koma neman hakki.

Kuskure uku

1. *"Ana ba su albashi kowane wata."* Dokar tarayya ba ta yanka wa kowa albashi ba. Abin da ta tanada shi ne ilimi kyauta har sakandare, kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, da gyaran gine-ginen jama'a cikin shekara biyar domin su iya shiga. Jigawa ce ta yi suna da biyan naira 7,000 a wata a zamanin Sule Lamido, amma wannan shirin jiha ɗaya ne.

2. *"Masu nema sun yi yawa, akwai ƙarya a ciki."* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana da wata naƙasa. Da yawa suna nan tun da, a ɓoye cikin gidaje. Kuma ba kowace naƙasa ake gani da ido ba: kurma, mai farfaɗiya, da mai taɓin hankali sukan yi kama da masu lafiya.

3. *"Alfarma ake yi musu."* A'a, hakkinsu ne. Wanda ya nuna wa naƙasasshe bambanci zai iya biyan tarar naira 100,000, ko ya yi wata shida a kurkuku. Kamfani kuwa, naira miliyan ɗaya.

Aikin shugaba

Ka san naƙasassun da ke cikin ikilisiyarka da sunayensu, har da waɗanda suka daina zuwa. Ka taimake su samun takardar likita da lambar NIN, gama sau da yawa rashin takarda ne ke hana su shiga shirye-shiryen tallafi. Ka sa wani ya raka su ofis. Kada ka yi alkawarin kuɗin da babu, ka kuma gargaɗe su game da masu sayar da fom na ƙarya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mai keken guragu zai iya shiga majami'arku ba tare da an ɗauke shi ba?
2. Wane ne yake fassara wa kurame wa'azi?
3. Akwai naƙasasshe ko ɗaya a cikin dattawanku?