Emefiele: Daga Kujerar Babban Banki Zuwa Gidan Yarin Kuje

Ranar 9 ga Yunin 2023, Shugaba Bola Tinubu, wanda ko mako biyu bai cika a kan mulki ba, ya dakatar da Godwin Emefiele daga muƙamin gwamnan Babban Bankin Najeriya. Washegari jami'an DSS suka damƙe shi a Legas, kuma kafin shekarar ta ƙare sai da ya kwana a gidan yarin Kuje, alhali sa hannunsa na kan takardun nairar da ke aljihunmu.

Ɗan jihar Delta ne, ya karanci harkar banki a Jami'ar Nsukka, ya yi aiki a bankin Zenith har ya zama shugabansa a 2010. A Fabrairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya yi ta nanata cewa dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun gwamnati ba, ya ɗauko Emefiele ya maye gurbinsa. Muhammadu Buhari ya same shi a kai, ya kuma sabunta masa wa'adi a 2019.

Babban aikin da dokar Babban Banki ta 2007 ta ɗora wa bankin shi ne kare darajar naira da hana farashin kaya tashin gwauron zabi. Emefiele ya faɗaɗa aikin har bankin ya koma ma'aikatar noma da ta ciniki a lokaci guda. A 2015 ya hana ba da dala ga masu shigo da kaya iri 41, daga shinkafa har tsinken sakace. A Nuwamban shekarar Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, aka riƙa bai wa manoma rancen iri da taki da injin ban-ruwa. A nan dole a yi masa adalci, noman shinkafa ya bunƙasa, masana'antun casa sun ƙaru a Kano da Kebbi. Sai dai an zuba fiye da naira tiriliyan ɗaya, kuma da yawa cikin waɗanda suka karɓa sun ɗauke shi rabon gwamnati, ba su biya ba.

Ita kuwa dala, farashi biyu ta yi. Lokacin da aka cire shi, a banki tana kusan naira 460, a kasuwar 'yan canji ta Wapa kuwa ta haura 700. Duk mai uwa a gindin murhu da ya samu ta banki, riba ta zo masa yana zaune.

A Mayun 2022 wasu ƙungiyoyi, ciki har da ta manoman shinkafa, suka saya masa fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC kan naira miliyan 100. Har kotu ya je yana neman a bar shi ya yi takara ba tare da ya ajiye aiki ba. Tun a ranar ya kamata a sallame shi, amma aka bar shi.

Wata biyar bayan haka ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce, cikin kusan tiriliyan 3.2 da ke yawo, tiriliyan 2.7 na hannun jama'a, kuma janye su zai karya masu garkuwa da mutane da masu sayen ƙuri'a. Ministar kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa majalisa cewa ba a yi shawara da ma'aikatarta ba. Aka kwashe tsofaffin kuɗi, sababbin kuwa ba a buga isassu ba.

Wanda ya ga Fabrairun 2023 ba zai manta ba. Tun asuba ake kafa layi a bakin na'urar ATM, a wuni a tashi hannu rabbana. Mai POS ya ba ka dubu goma, ya cire dubu biyu ko fiye. A kasuwannin ƙauye, inda mai kaya bai da asusun banki, buhun masara ya yi farashi biyu, na tiransifa da na tsabar kuɗi, manomi ya karyar da kayansa don ya samu na cefane. Mai ƙosai da mai ruwan leda suka rasa masu saye. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin.

Bayan faɗuwarsa tuhume-tuhume suka yi ta fitowa. Akwai na almundahanar kwangila, akwai na dala miliyan 6.23 da aka fitar da sunan masu sa ido kan zaɓe, inda tsohon sakataren gwamnati Boss Mustapha ya shaida wa kotu cewa sa hannun da ke takardar ba nasa ba ne. A Disamban 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Lokogoma da ke Abuja, waɗanda EFCC ta alaƙanta da shi. Emefiele ya musanta laifukan, kuma hukunci na alƙali ne.

A ganina ɓarnar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ba ta cikin takardun tuhumar. A lokacin, sashe na 38 na dokar bankin ya ce rancen wucin gadi da zai bai wa gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na bara. A hannun Emefiele rancen ya kai naira tiriliyan 22.7. Wannan ƙirƙirar kuɗi ce ba tare da ƙarin kaya a kasuwa ba, kuma tana cikin abin da ya ɗaga hauhawar farashi daga kusan kashi 8 a 2014 zuwa kashi 22 a 2023. Ba shi kaɗai ya yi ba. Fadar shugaban ƙasa ce ta nema, majalisar da ke da hakkin tsawatarwa ta yi shiru shekara da shekaru. A Mayun 2023, ana saura makonni wa'adinta ya ƙare, Majalisar Dattawa ta amince a mayar da kuɗin bashin da 'yan Najeriya za su biya cikin shekara 40, da ruwan kashi 9 cikin 100.