Sabunta Tushen Sauti A Kayan Kiɗa Na Gida

Kayan sauraron kiɗa na gida, komai tsadarsu, sassa uku ne: tushen da sauti yake fitowa, amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, da lasifikokin da ke isar da shi ga kunne. A zamanin garmaho da kaset, siffar sautin ce kanta ake adanawa a tsagin faifai ko a jikin zaren kaset. Yau kuwa lambobi ake adanawa, ko a faifan CD, ko a kwamfuta, ko a waya, ko a rumbunan intanet. Mai niyyar sabunta ɓangaren tushen sauti yana bukatar sanin inda inganci yake zubewa a hanya, don kada ya kashe kuɗi a kan na'urar da ba ta da laifi.

Ma'aunin da ake gwada komai da shi har yanzu shi ne na faifan CD, wanda kamfanin Sony na Japan da Philips na Holan suka tsara tare, ya shiga kasuwa a 1982. Ana auna igiyar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo ana rubuta shi da lamba mai bit 16, wato ɗaya daga cikin matakai 65,536. Ba da ka aka zaɓi adadin 44,100 ba. Ayyukan Harry Nyquist da Claude Shannon sun nuna cewa muddin yawan awon ya haura ninki biyu na sauti mafi siranta da ake son kamawa, ana iya maido da igiyar yadda take. Kunnen yaro lafiyayye yana tsayawa ne a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na manya kuma bai kai nan ba. Bit 16 ɗin kuwa suna ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni, tazarar da ta ishi kowane falo.

Wuri na farko da ake yin asara shi ne fayil ɗin waƙar kansa. Tsarin MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta taka babbar rawa wajen ƙirƙiro shi, yana rage girman fayil ne ta hanyar zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da su ba. CD yana gudana a kan kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 mai kilobit 128 kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin goma sha ɗaya na wannan. A ƙaramar lasifikar waya ba a jin bambancin, amma a manyan lasifikoki sai a ji sautin tafi da na kacau-kacau sun cakuɗe, kamar ana kaɗa su a cikin ruwa. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset na Mamman Shata, aka matse ta, aka sake matsewa kafin ta iso memori a wurin masu turi, babu na'urar da za ta maido mata da abin da ta rasa. Idan rijiya ta gurɓace, sabon guga ba ya gyara ruwan. Mafita ita ce tsarin da ke matsewa ba tare da zubarwa ba, irin su FLAC da ya fito a 2001, wanda yake rage fayil zuwa kusan rabi amma ya mayar da kowace lamba daidai.

Daga fayil sai na'urar da ke juya lambobi su koma wutar lantarki mai siffar sauti, wadda ake kira DAC. Kowace waya da talabijin da kwamfuta tana da irinta a ciki. A farkon lamari wannan aiki ne mai wuya; na'urorin CD na farko da Philips ya fitar ma masu bit 14 ne, sai da aka yi dabarar ninka awon sau huɗu kafin a cike giɓin. Yanzu ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki ta yi araha, har matsakaiciyar DAC tana rage kuskure zuwa inda kunne ba ya kaiwa. Matsalar takan taso ne daga abin da ke kewaye da ita. A cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, DAC tana maƙwabtaka da sassa masu yawan hayaniyar lantarki, shi ya sa wani lokaci ake jin siririn tsaki a lasifika idan an motsa linzami, ko gurnani da zarar an jona caja. A irin wannan hali DAC ta waje tana da amfani ƙwarai.

Hanyar da lambobin ke bi su isa DAC ita ma abin dubawa ce. Akwai wayar S/PDIF ta tagulla, akwai Toslink ta kamfanin Toshiba mai aiki da haske, akwai kuma USB. Fa'idar Toslink ita ce babu wutar da ke ratsa ta, don haka takan kashe gurnanin da ke tasowa idan an haɗa talabijin da amfilifaya. Tangarɗar lokaci, wato isowar lambobi ba bisa ƙa'idar agogo ba, ta taɓa zama abin damuwa, amma na'urorin yanzu suna tara lambobin su sake jera su da agogonsu. Saboda haka wayar da ta cika ƙa'ida ta wadatar, mai tsadar gaske ba za ta ƙara wa lamba daɗi ba. Bluetooth dai yana sake matse sautin kafin ya aika, ko da tsarin LDAC na Sony ne wanda iyakarsa kilobit 990. Na'urar da ke janyo waƙa ta intanet kai tsaye ba ta da wannan naƙasu, kuma manhajoji irin su Qobuz da Tidal da Apple Music suna ba da waƙa da ingancin CD ko fiye, sai dai awa guda tana cin ɗaruruwan megabait na data.

Tsohuwar na'urar CD ba lalle ne a yar da ita ba. Tsalle da sarƙewar faifai sau da yawa ƙura ce ta zauna a idon da ke karanta shi, abin da ya yawaita a lokacin hunturu. Idan tana da mafitar lambobi, ana iya jona ta da sabuwar DAC. Inda wuta ke hawa da sauka kuma, sitabilaiza ta fi kowane sabon akwati muhimmanci.

Fayilolin da suka zarce CD, masu bit 24 da awo 96,000 ko 192,000, suna da amfani sosai a situdiyo wajen haɗa sauti. A wajen saurare kuwa hujjarsu ba ta da ƙarfi. A wani gwaji da Brad Meyer da David Moran suka wallafa a 2007, an kunna wa masu saurare faifai masu ma'aunin da ya zarce na CD, ana sauke su zuwa ma'aunin CD ba tare da sun san lokacin da aka sauya ba. Amsoshinsu ba su wuce na mai canki-canka ba. Bambancin da ake ji tsakanin bugu biyu na waƙa ɗaya galibi daga hannun injiniyan da ya tace ta yake.

Kafin a yanke hukunci a kan sabuwar na'ura, wajibi ne a daidaita ƙarfin sautinta da na tsohuwar, domin wadda ta ɗara ƙara ko da kaɗan ce kunne yake ɗauka a matsayin mafi kyau. Ya kamata kuma wani ne zai riƙa sauyawa, mai saurare bai san wadda ke aiki ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da neman fayil mai kyau, a bar Bluetooth inda zai yiwu, a sayi DAC ta waje idan an ji hayaniya a zahiri. Idan an yi waɗannan sauti bai gamsar ba, to laifin yana ga lasifikoki ne, ko wurin da aka ajiye su, ko amsa-kuwwar ɗakin, kuma can ya kamata sauran kuɗin su tafi.