Ranar da Sukari Ya Tarwatse a Liyon

Mai karatu, ka taɓa ganin magidanci, gwani a sana'arsa, yana zubar da hawaye a gaban jama'a saboda sukari? Kada ka yi saurin dariya. Abin ya faru a birnin Liyon na ƙasar Faransa a shekarar 2007, kuma kyamara ta ɗauka. Wanda ya yi kukan sunansa Philippe Rigollot. Bari ka ji abin da ya kai shi ga haka.

A Faransa akwai wata jarrabawa da masu sana'ar hannu ke tsoro fiye da kowace, wato Meilleur Ouvrier de France, wadda ake taƙaitawa MOF. Tun 1924 ake yin ta, sau ɗaya a cikin shekara uku ko huɗu. Wanda ya ci, shi ke da ikon sa farar riga mai wuya launi uku, shuɗi da fari da ja, irin na tutar ƙasar. Wanda ya sa wannan wuyan riga ba tare da ya ci ba, doka na iya hawa kansa. Duk ɗalibin da ke koyon yin kek da burodi a makarantun girki na Faransa ya san wuyan rigar nan, domin manyan malamansa ke sa shi. To, yaya ake samunsa?

A waccan shekara mutum 16 ne suka kai zagayen ƙarshe a ɓangaren kek da kayan zaƙi. Aka ba su kwana 3 su haɗa teburin bikin aure cikakke: kek ɗin amarya, kayan shayi, alewa, cakulan iri-iri, gini na cakulan, sannan gini na sukari. Ba tsere ake yi ba da za a ce ga na ɗaya ga na biyu. Akwai matakin gwaninta da aka gindaya, duk wanda ya kai an ba shi, wanda ya gaza ya koma gida. Alƙalan kuwa masu wuyan rigar ne da kansu. Suna tsaye a kanka, suna duba ɗanɗano, da tsabtar teburinka, da yadda kake riƙe wuƙa, da abin da ka ɓarnatar. Mai karatu, hannunka zai tsaya cak a ƙarƙashin irin waɗannan idanu?

Duk cikin ayyukan nan babu mai haɗari kamar ginin sukari. Ana dafa sukari sai zafinsa ya haura digiri 150, a zuba a kan tebur, a riƙa ja ana ninkewa kamar yadda mai alewa ke ja a kasuwa, har ya yi sheƙi. Wani a hura masa iska da ɗan famfo ya zama ƙwallo, wani a miƙe shi ya zama ganye ko fure mai kaurin takarda. Sai a manna su ɗaya bisa ɗaya da zafin wuta har ginin ya yi tsawo. Idan ya huce, ya zama gilashi. Danshi kaɗan a iska na iya narka shi, girgiza kaɗan na iya tsaga shi. Kuma fa ɗan jarrabawa da hannunsa zai ɗauki abinsa ya kai zauren da alƙalai za su duba.

Rigollot ba baƙo ba ne a fagen. Shi ne shugaban masu yin kek a Maison Pic, shahararren gidan abinci na garin Valence. A 2005 yana cikin mutum uku da suka ci wa Faransa kofin duniya na kayan zaƙi, a wannan birni na Liyon ɗin. Ya daɗe yana shiri, yana gini yana rushewa yana sakewa. Kwana biyu na farko aikinsa ya tafi sumul. Masu kallo sun riga sun fara lissafa shi cikin waɗanda za su ci. Sai rana ta uku ta zo.

Lokaci ya kusa cika, ginin sukarinsa ya tashi, saura ƙiris a kammala. Kwatsam sai ya rushe. Ƙarar ta cika kicin ɗin. Aikin da aka yi wa tanadi na tsawon lokaci ya zama ɓaraguzai a kan tebur da ƙasa. Rigollot ya tsaya yana kallo, sannan hawaye suka ɓalle masa, ya juya ya bar teburinsa. Mai karatu, tsakaninka da Allah, da kai ne me za ka yi? Agogo na tafiya, abokan jarrabawa na ta aikinsu, kuma kowa a wurin ya san cewa fashewar ginin sukari ta sha raba gwanaye da wuyan rigar nan. Za ka tuɓe rigarka ka kama hanyar gida, ko za ka koma ka tsaya a kan ɓaraguzan?

A nan ne wani abin mamaki ya faru. Alƙalan nan masu murtuke fuska suka matso kusa da shi, wasunsu idanunsu sun ciko. Sun san zafin, domin su ma sun bi ta wannan hanya. Ƙa'ida ba ta ba su damar taɓa masa aiki ba, amma ba ta hana su magana ba. Suka yi ta ƙarfafa masa gwiwa, suna ce masa ya koma ya ƙarasa. Ya share hawaye, ya koma teburinsa, ya sake jan sukari. A ɗan lokacin da ya rage ya haɗa wani ƙaramin gini, wanda bai kama ƙafar na farko ba. Shi ya ɗauka ya kai zaure, ya ajiye kusa da manya-manyan gine-ginen abokansa. Wa zai ce wannan mutum yana da sauran rabo?

Lokacin sanarwa ya yi. Shugaban alƙalai, Philippe Urraca, ya tashi karanta sunaye, muryarsa na rawa. A cikin ɗakin akwai Jacquy Pfeiffer, wanda ya taso takanas daga Shikago ta Amurka, inda shi da abokinsa Sébastien Canonne suka kafa makarantar koyon kayan zaƙi. Malami ne da ya yaye ɗalibai masu yawa, kuma ginin sukarinsa ya isa zaure a tsaye. Ba a kira sunansa ba. Amma a cikin 'yan kaɗan da aka kira, sai ga sunan Philippe Rigollot!

Yaya aka yi haka? Tausayi ne? Ko kusa. Jarrabawar ba ta rataya a kan abu ɗaya ba. Maki ake tarawa tun daga safiyar farko: ɗanɗano, tsari, tsabta, ƙwarewar hannu. Rigollot ya tara da yawa a sauran ayyukan, har suka ɗauke masa asarar ginin. Abu guda ne kawai zai iya hallaka shi, wato ya fice bai ƙarasa ba, domin wanda bai gabatar da aiki ba babu abin da za a auna masa. Da ya bi zuciyarsa ya tafi a wancan lokaci, da ya zubar da nasarar da ke hannunsa bai sani ba.

D. A. Pennebaker da Chris Hegedus sun ɗauki wannan jarrabawa a fim ɗinsu na gaskiya mai suna Kings of Pastry, wanda ya fito a 2009. Shi kuwa Rigollot daga baya ya buɗe shagonsa na kayan zaƙi a garin Annecy, sanye da wuyan rigarsa mai launi uku.

Saboda haka, mai karatu, idan kai ɗalibi ne mai shirin shiga kicin ɗin jarrabawa, ko ɗanka ne, ko 'yarka, ka riƙe wannan. Kek na iya ƙonewa, kwaɓi na iya ƙin tashi, sukari na iya tarwatsewa. Kada ka yanke wa kanka hukunci kafin alƙali ya yanke. Share teburinka, ka sake kunna wuta, ka ƙarasa aikinka.